Daɓen da Gwaggo Ta Yi Mana

Shekarar da na ajiye aikin koyarwa, maigidana Malam ya ce in ɗauki ɗakin da ke gabas da tsakar gidanmu na Faskari, in mayar da shi wurin zamana da karɓar baƙi. Tsohon ginin ƙasa ne, tun na mahaifinsa, kaurin bangonsa ya fi kamu guda. Mun daɗe muna zuba buhunan masara a ciki. Aka kwashe buhunan, aka share, Malam ya ce, "To ga shi nan, ki yi yadda kike so."

Ni kuwa na daɗe da sanin yadda nake so. Shekara da shekaru ina shiga gidajen abokan aiki barka ko suna, ina zama kan kujerun kushin masu ruwan zinare, ina ganin fuskata a cikin tayil. Na riga na zaɓi launin labule a raina, har kusurwar da kabet ɗin tangaran zai tsaya na sani.

A daidai wannan lokaci autata ta dawo gida. Ta gama karatun zanen gine-gine a jami'a, tana jiran a tura ta hidimar ƙasa. Na shiga da ita ɗakin don ta auna mini yawan tayil ɗin da za a saya. Maimakon awo, sai ta tuɓe takalmi, ta dinga zagayawa tana shafa bango da tafin hannu.

"Mama, kin ji sanyin ɗakin nan kuwa? Ga shi azahar ta yi."

"Na ji. Auna mini."

"Don Allah kada a lulluɓe shi da siminti. In aka yi haka sanyin nan ya tafi ke nan."

Ta ciro waya ta shiga nuna mini hotuna. Ɗakuna ne na manyan birane, wasu a ƙasar nan, wasu a waje. Bango fari ko ruwan ƙasa, ba fenti mai ƙyalli. Benci guda na katako, tukunya guda a kusurwa, sai haske da ke shigowa ta taga. Ta ce yanzu masu hali haka suke nema: kaya kaɗan, amma kowane abu a bar shi da kamanninsa, itace ya fito itace, ƙasa ta fito ƙasa.

Na daɗe ina kallo, sannan na ce, "Wannan ai ɗakin wanda aka yi wa sata ne."

Ta yi dariya, ni ban yi ba. Na ce mata ta tuna inda take. A ƙasarmu, shekarun nan, in ka shiga ɗakin mace ka gan shi fayau, ba ado ba ne. Alama ce ta baro ƙauyensu da abin da kanta ya iya ɗauka, saboda ɓarayin daji. Na koyar da 'ya'yan irin waɗannan mata, na shiga ɗakunansu, na ga tabarma guda da buta. Na ce ba zan yi shekara talatin ina aiki ba, in ƙare da ɗakin da za a shigo a tausaya mini.

Auta ta sauke wayar. Can ta ce, "Gaskiyarki ne, Mama, ban yi wannan tunanin ba. Amma ki ba ni wata ɗaya. In bai yi miki ba, tayil yana hawa kan komai."

Da na kai wa Malam maganar, cewa ya yi shi dai nasa ido. Na ba ta watan.

Ta fara da ƙasan ɗakin. Ta sa aka kawo jan ƙasa, ta kira magini, suna kallon bidiyo a waya suna kwaɓawa. Maginin ya ce ƙasa zalla ba za ta riƙe ba, suka zuba siminti kaɗan. Ranar farko abin ya yi sumul. A rana ta huɗu ya tsattsage kamar gindin tafki da bazara. Na same ta tsugune a tsakiyar ɗakin tana ɓamɓaro ɓawon da farce, idonta ya yi ja.

Da na so, a nan maganar za ta ƙare, in aika a kawo tayil. Amma da na tsaya ina kallon tsagar nan, sai na ji haushi irin na wanda ya ga ana ɓata aikin da ya sani. Na ce, "Ba haka ake daɓe ba."

Ta ɗago. "Kin iya, Mama?"

"Ban iya ba. Amma na san wadda ta iya."

Gwaggo ƙanwar mahaifina ce. Muna yara a ƙauyenmu, can wajen Sabuwa, ba a kai amarya ɗaki sai Gwaggo ta shiga da mata sun daɓe shi. Ita ke zaɓen ƙasa, ita ke ba da waƙa, ita ke cewa ya isa. Daɓenta in ya bushe, ƙafa na zamewa a kai, ana zuba ruwa ya tsaya. Shekara biyu kafin wannan lokaci da nake ba da labari, rashin zaman lafiya ya tashe su daga ƙauyen, ɗanta ya ɗauko ta ya kawo ta gidansa cikin garin Sabuwa. Tun daga nan ake ce mini Gwaggo ta rage magana.

Muka shiga mota ni da Auta muka je. Ɗan nata ya kyauta mata iyakar ƙoƙarinsa: ɗaki mai tayil, da fanka, da talabijin. Muka same ta zaune kan kujerar roba, hannuwa bisa cinya. Matar gidan ta raɗa mini cewa tun da santsin tayil ya taɓa kayar da ita, ba ta son tashi sai dole. Muka gaisa, ta tambayi Malam da yara, daga nan ta koma kallon ƙofa.

Na ce, "Gwaggo, daɓe muka zo nema."

"Daɓe? Wa ka daɓe yanzu?" Ko kallona ba ta yi ba.

Auta ta matsa kusa, ta durƙusa, ta miƙa mata waya da hoton ƙasan ɗakin da ya tsage. Gwaggo ta karɓa, ta kai kusa da ido, ta nisantar, ta sake kawowa.

"Wa ya yi wagga ɓarna?"

"Ni ce, Kaka."

"Siminti kika sa."

"Kaɗan ne."

"Kaɗan ɗin shi ya kashe shi. Ƙasa da siminti ba su shan ruwa tare, ƙawata. Mi kika jiƙa ta da shi?"

"Ruwa."

"Ruwa zalla? Ba makuba?"

Auta ta juyo ta kalle ni, don ba ta taɓa jin kalmar ba. Gwaggo ta ajiye wayar a cinya, ta ce da matar gidan ta ɗauko mata mayafinta da carbi. Ɗanta ya so ya hana, yana cewa jikinta ba ƙwari. Ta ce masa kwana bakwai za ta yi, ba ƙaura ba ce.

Abu na farko da ta nema shi ne madaɓi, wato guntun itacen nan mai faɗin ciki da mariƙi, wanda ake dukan ƙasa da shi. Nata na can ƙauye, cikin abin da aka baro. Ranar kasuwar Yankara muka je wurin wani dattijo masassaƙi mai turame da akusa. Da ta faɗi abin da take so, ya ajiye gizagonsa ya dube ta, ya ce rabon da a tambaye shi madaɓi har ya manta. Ta ce guda takwas, na ƙirya, kuma kada ya yi musu nauyin da zai karya hannun mace. Ya ce ta dawo kasuwa mai zuwa. Ta ce jibi. Jibin kuwa ya aiko da su.

A rumfar tasa Auta ta hango wani dogon gungumen ƙirya a jingine, an tsaga shi biyu, wata tsaga ta ratsa gefensa. Masassaƙin ya ce ya so ya fitar da turmi ne tsagar ta hana, yanzu sai dai wuta. Auta ta ce ya daidaita mata bayansa, ya sa masa ƙafafu gajeru guda huɗu, ya zama benci. Ya ce zai cike tsagar, ya kai wa kafinta ya shafa masa mai ƙyalli, ba wanda zai gane. Ta ce a'a, ya bar tsagar yadda Allah ya yi ta, ko sawun gizago kada ya goge duka.

"Hajiya," ya ce da ni, "ɗiyar nan taki lafiya?"

Na ce, "Karatu ne ya yi mata yawa, Baba. Yi mata yadda ta ce."

Makuba kuwa ɓawon ɗorawa ne, wanda ake zubarwa bayan an cire gari da ƙwaya. Muka bi gidajen masu daddawa muka tara buhu biyu. Gwaggo ta sa aka daka shi sama-sama, aka jiƙa a manyan tukwane. Kwana uku ruwan ya koma baƙi-baƙi, ja-ja, da wani wari mai ɗaci da ya cika gidan. Malam ya koma cin abincinsa a zaure. Ni kuwa ina jin warin sai ga ni ina 'yar shekara bakwai, riƙe da zanen mahaifiyata a ƙofar ɗakin wata amarya.

Wajen ƙasa ma an sha fama. Sau biyu ana kawowa a amalanke Gwaggo na mayarwa. Takan ɗebi kaɗan, ta tofa yawu, ta murza tsakanin yatsu, ta ce wannan yashi ya yi mata yawa, waccan kuma yumɓu ce, za ta tsage. Ta uku, daga wani rami a hanyar Daudawa, mai 'yan ƙananan tsakuwa, ita ta karɓa. Auta na biye da ita da littafi tana rubutawa. Gwaggo ta ce, "Rubuta da hannunki, ba da alƙalami ba," ta kama hannun ta cusa cikin ƙasar.

Aka fasa aikin farko aka kwashe. Sai Gwaggo ta ce in kira mata.

Nan na tsaya. Daɓe ba aikin mutum ɗaya ba ne, na sani. Amma in bi maƙwabta, ni da aka sani da malama, in ce su zo su taya ni dukan ƙasa, alhali kowa na sa tayil? Na ce ko a ɗauko 'yan aiki maza. Da la'asar Gwaggo ta yafa mayafi, ta dogara sandarta, ta fita ita kaɗai. Matar da aka ce ba ta son tashi daga kujera, gida shida ta shiga.

Washegari da hantsi mata shida suka zo, ba wadda ba ta haura hamsin ba. Biyu daga cikinsu baƙi ne a unguwar, daga ƙauyukan da aka tasa suka zo, ban taɓa jin muryarsu ba sai a gaisuwa. Ɗaya ta ɗauki madaɓi ta jujjuya shi a hannu, ta ce, "Ashe zan sake riƙe wannan."

Aka baza ƙasa, aka yayyafa makuba, muka jeru a durƙushe daga bangon ƙurya. Gwaggo ta zauna bisa turmi a bakin ƙofa. Da farko dukan ya watse, kowa da nata. Sai ta ɗaga murya ta ba da waƙa. Muryar ta shaƙe a baiti na farko, ta yi tari, ta sake. Kafin a jima madaɓai takwas sun koma faɗuwa tare, har ana jin ƙasa na amsawa a ƙirji. A tsakiyar waƙar ta saka ƙawarta mai digiri da ta auro wa ƙasa siminti aka rabu kwana huɗu. Mata suka fashe da dariya, Auta ma har da hawaye, ba ta daina duka ba.

Kwana uku muka yi. A daka, a yayyafa makuba, a bari ya sha iska, a koma. Hannuna ya yi kanta, kafaɗata ta yi tsami har sai da Malam ya kawo mini man zafi. Kullum ina dama fura da kunun tsamiya, a zauna a inuwa a sha, a yi hira. A nan na ji labarin matan nan biyu, garuruwansu da gonakinsu da abin da suka baro. Ba su yi kuka ba, ba mu kuma yi musu ba. Ɗayar ta ce ɗakinta na can daɓensa ya shekara ashirin bai fashe ba, tana fata yana nan.

A rana ta uku da yamma Gwaggo ta sauko daga turmin, ta taka daɓen da tafin ƙafa daga ƙofa har ƙurya, ta dawo. Ta ce, "Ya isa." Aka goge shi da dutse mai santsi, aka rufe ɗakin kwana biyar.

Bango kuma farar ƙasa aka shafa masa. Ƙanena yana lodin ta a manyan motoci a Kankara, ana kai wa masana'antu. Da na ce ya kawo mini buhu biyu, ya ce shekararsa goma sha yana loda ta, bai taɓa jin wanda ya nema don ɗakinsa ba. Gwaggo ta sa aka jiƙa ƙaro aka haɗa, don kada ta riƙa bin tufafi. Farin da ta bayar ba irin na fenti ba ne mai kashe ido. Fari ne mai taushi, kamar na nono a ƙwarya, ana kuma ganin sawun hannu a jikinsa in rana ta faɗo ta taga.

A nan ne kaka da jika suka saɓa. Auta na son bangon fari tas daga sama har ƙasa. Gwaggo ta ce sai an ja baƙin makuba daga ƙasa zuwa gwiwa, a zagaye ɗakin.

"Kaka, zai ɓata tsarin. Ba a son ado."

"Wa ya ce maki ado ne? Mutane za su zauna a ƙasa su jingina. Yara za su shafa hannu. Wata guda farin naki ya koma dauɗa."

Auta ta yi kwana guda tana ƙunƙuni, sannan ta yarda. Da aka ja layin ya bushe, ta tsaya a ƙofa ta daɗe, ta ce ɗakin ya zauna, da can kamar yana shawagi ne. Ta ɗauki hoto ta tura wa wani malaminta.

Ranar shigar da kaya ba ta ɗauki rabin sa'a ba. Bencin ƙirya ya tafi jikin bangon arewa, an shafe shi da man gyaɗa kawai, tsagarsa na nan. Tabarmar kaba babba a tsakiya. Randa a kusurwa bisa gammo, da faifai a bakinta. Akwai wata alkuki a bango, 'yar kafar da ake ajiye fitila a da, wadda na yi niyyar toshewa. Auta ta tambaye ni ko ina da wani abu guda da nake so a gani. Na shiga ɗaki na buɗe akwati na ɗauko akushin mahaifiyata, baƙi, gefensa ya ɗan ci. Shekara goma sha biyu yana naɗe a tsumma, don ban ga inda zai zauna a tsakanin tangaran ba. Ya shiga alkukin kamar don shi aka yi ta.

Ba zan ce ban yi gardama ba. Na sa aka shigo da kabet ɗina, na ce ko shi kaɗai. Aka jingina shi, muka tsaya muna kallo mu uku. Ni da kaina na ce a mayar da shi ɗakin kwana. Amma na kafe a kan kujera, don gwiwata ba ta son zaman ƙasa mai tsawo. Auta ta zana wata mai sauƙi, kafinta ya yi ta da maɗaci, aka saƙa mazauninta da igiyar fata. Labulen da na zaɓa a raina kuwa na saya, yana ɗakin kwana, kuma har gobe ina son abina.

Baƙuwar farko wata abokiyar aikina ce da muka koyar tare shekaru da yawa. Ta yi sallama ta shigo, ta duba dama da hagu, ta ce, "Ma sha Allah. Yaushe kayan za su iso?" Na ce ai sun iso. Ta rage murya ta ce in akwai wata matsala in faɗa mata, mu ba baƙin juna ba ne. Abin da na ji tsoro ke nan tun farko, amma da ya zo sai na ji dariya kawai. Na ce ta zauna ta sha ruwa. Lokacin zafi ne, ba wuta tun safe. Ta sha ruwan randa, ta sauka daga benci ta miƙe ƙafa a tabarma, daga nan ta janye tabarmar ta kwanta a kan daɓen kansa. Muna cikin magana na ji ta yi shiru. Sai da aka kira la'asar na tashe ta.

Gwaggo kwana bakwai ta ce, ta yi ashirin da uku. Da ɗanta ya zo ɗaukarta, ta sa aka ɗaure mata madaɓai huɗu a buhu, ta bar mana huɗu. Bayan wata biyu ya kira ni a waya yana dariya, ya ce ta sa ya ɓamɓare tayil ɗin ɗakinta, ta tara matan unguwa sun daɓe shi, yanzu ba ta zama, kullum tana gidan wani.

Auta ta tafi hidimar ƙasa, daga can ta samu aiki a wani ofishin masu zanen gidaje. Takan kira ta tambayi abin da ta manta, kwana nawa makuba ke jiƙa, ƙaro nawa ake sa wa buhu. In ban sani ba, in ce ta kira kakarta. Matan nan biyu kuwa sun zama 'yan gida. Ranar Juma'a sukan zo mu zauna a ɗakin, wani lokaci da saƙar faifai a hannunsu.

Bayan sallar layya abokiyar aikin nan tawa ta aiko. Ɗanta na gina gida a Ketare, ta ce ta roƙe shi ya bar mata ɗaki guda ba siminti. Tana tambaya ko Gwaggo za ta samu zuwa, ko kuma mu da muka koya. Na kira Sabuwa. Gwaggo ta ce a fara tara ɓawon ɗorawa, kuma kada kowa ya taɓa ƙasa sai ta zo ta gani. Ranar Juma'a ɗanta ya kawo ta. Ranar Asabar muka tashi mu biyar a mota ɗaya, ni da ita da matan nan biyu da wata maƙwabciya, madaɓai a bayan mota, Gwaggo a gaba kusa da direba tana faɗa masa ya rage gudu.